"A kwamfutata dai yana aiki": hira kan fayilolin gina manhaja

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba da kuma masu cewa sun fi gane karatu. Na rage wuraren da na yi ta maimaita magana, saura kuwa yadda na faɗa ne.

Yau a kan wasu fayiloli zan yi magana, waɗanda kusan kowa ke raina su. In manhajar Android kake rubutawa, ka san build.gradle. In JavaScript ne, package.json. Masu C da C++ suna da Makefile ko CMakeLists.txt, 'yan Java suna da pom.xml, ga kuma Dockerfile. Suna ne ya bambanta, amma aikin kusan ɗaya ne. Su ke faɗa wa kwamfuta yadda za ta ɗauki kod ɗin da ka rubuta ta mai da shi manhajar da za a iya kunnawa: wane kayan aro za a ɗauko daga intanet, wane zubi, me za a fara haɗawa, a ina za a ajiye abin da ya fito. Ni fayilolin gini nake ce musu, kuma haka zan riƙa kiran su a shirin nan.

Abin da ya sa na ɗauko batun, wani aiki ne da ya faɗo mana kwanakin baya. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ce, ba zan kama suna ba, suna da 'yar manhaja da wakilansu ke rubuta kuɗin adashe a waya. Wanda ya rubuta musu ita ya samu wani aiki ya bar gari, lafiya lau aka rabu, ya bar musu kod ɗin a GitHub. Sai suka ce a ƙara musu abu ɗaya tak, wurin sa lambar wayar mamba. Na ce wa ƙanena da muke aiki tare, wannan ai aikin rabin yini ne, ɗauka ka yi. Jama'a, sai da muka kwana uku manhajar ba ta ma haɗu ba, balle a je ga ƙara wani abu.

Da muka buɗe build.gradle, abu na farko da muka gani shi ne wani layi da ke neman fayil a C, Users, sunan mutumin, Desktop. Wato ginin ya dogara da wata folda da ke kan kwamfutar mutum ɗaya a duk duniya. Na biyu, rabin kayan aron an sa musu alamar + a ƙarshen lamba, ma'ana a ɗauko duk wanda ya fi sabunta. Na uku, babu gradlew a rumbun, don haka ba mu ma san da wane zubin Gradle aka yi aikin ba. Muka kira shi a waya. Mutumin kirki ne wallahi, ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Malam, a kwamfutata dai yana aiki." Kuma ba ƙarya ya yi ba, yana aiki ɗin. Matsalar ita ce kwamfutar tasa ba ta cikin abin da ya miƙa wa masu aikin.

To daga nan ne na samu gwajin da nake yi wa kowane aiki yanzu. Ka nemi kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikin ba, ta aboki ko wata sabuwar folda a cikin Docker, ka sauke kod ɗin daga rumbu, ka buga umarni ɗaya. In ya haɗu, fayilolin gininka sun cika. In sai ka ce "au, bari in turo maka wani abu ta WhatsApp", to wannan abin da za ka turo shi ne ramin da wani zai faɗa bayan ka tafi. Abubuwan da suka shafi kwamfutarka kai kaɗai suna da wurinsu. A Android akwai local.properties, can ne ake rubuta inda SDK yake, kuma shi ba a tura shi rumbu. Duk wata hanyar fayil da ke cikin build.gradle ko CMakeLists.txt kuwa, ta fara daga foldar aikin, ba daga C ko home ɗinka ba.

Bari in ɗan koma baya kaɗan, don labarin yana da daɗi. Kakan waɗannan kayan duka shi ne Make. Stuart Feldman ya rubuta shi a 1976 a Bell Labs da ke Amurka. A cikin Makefile, layin umarni dole ya fara da Tab. In ka danna maɓallin sarari sau huɗu ko takwas, a ido iri ɗaya ne, amma Make zai ƙi, ya jefo maka missing separator, kai kuma ka yi ta kallon layin ba ka ga komai ba. Shi kansa Feldman ya ba da labari cewa lokacin da ya gane zaɓin bai yi kyau ba, ya riga ya samu mutane kamar goma sha biyu masu amfani da shi, bai so ya lalata musu fayiloli ba, sai ya bar shi haka. Mutum goma sha biyu fa. Yau kusan shekara 50 ke nan, ɗalibai na ci gaba da cin karo da wannan Tab ɗin. Fayil ɗin gini haka yake, abin da ka sa a gaggauce da niyyar "zan gyara daga baya" yakan riga ka tsufa a wurin.

Yanzu maganar zubi, nan ne zan ɗan daɗe. A package.json za ka ga an rubuta lamba da wata 'yar hula a gabanta, kamar ^1.4.0. Da yawa ba su san ma'anarta ba. Tana nufin na yarda da 1.4.0 da duk wanda ya biyo baya matuƙar bai kai 2.0.0 ba. Wato ka ba wani mutum da ba ka sani ba, a wata ƙasa, izinin ya canza abin da ke cikin manhajarka duk ranar da ya ga dama. Yawanci ba a samun matsala. Amma a watan Janairun 2022, mai kula da wani laburare da ake kira colors ya saki sabon zubi da ya sa masa madauki mara ƙarewa da gangan, yana ta zubo haruffan banza a allo. Ayyuka da dama da suka dogara da shi suka tsaya, har da AWS CDK na kamfanin Amazon. Masu waɗannan ayyukan ba su taɓa kod ɗinsu ba. Sun kwanta lafiya, sun tashi gini ya ƙi. 'Yar hular nan ce ta buɗe ƙofa.

Maganin wannan shi ne fayil ɗin kulle. A npm sunansa package-lock.json, ya zo da npm 5 a 2017. Yarn na da yarn.lock. Aikinsa ya rubuta ainihin zubin kowane kayan aro da aka sauke, har da kayan aron da kayan aronka suka aro. Na sha ganin matasa sun jefa shi cikin .gitignore, wai ya yi tsawo, wai yana kawo rikici wajen haɗa reshe. Don Allah a daina. Ka tura shi rumbu, kuma a saba ko wurin gwaji ka yi amfani da npm ci maimakon npm install, domin shi npm ci abin da ke cikin kullen kawai yake saukewa, in ya ga saɓani da package.json ya tsaya ya faɗa maka. A Python ka rubuta == da lamba a requirements.txt. A Dockerfile kar ka rubuta node:latest, domin latest na yau ba shi ne na wata shida masu zuwa ba. A Gradle ka cire +, kuma ka tura gradlew da foldar wrapper ɗinsa, su ne ke tabbatar da kowa na gini da zubin Gradle iri ɗaya.

Wani zai ce, to in na kulle komai, ba zan samu gyaran tsaro ba ke nan? Za ka samu, amma kai za ka zaɓi ranar. Ka ware lokaci, ka ɗaga lamba, ka gwada, ka tura. In abu ya fashe, ka san wane canji ne ya fasa shi. GitHub ma na da Dependabot da ke tuna maka.

Sai dai kar in yi muku alƙawarin da ba haka ba, kulle ba ya maganin komai. A watan Maris na 2016, wani mai suna Azer Koçulu ya samu saɓani da npm a kan sunan wani kunshi nasa, kik, wanda kamfanin Kik ya nema. Ya fusata ya janye kayansa sama da 250 daga npm. A ciki akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa ya cike gefen hagu na rubutu da sarari ko sifili. Ashe manyan ayyuka irin su Babel sun dogara da shi ta bayan fage. Gini ya riƙa faɗuwa a ko'ina har sai da npm suka dawo da shi da kansu, daga baya suka tsaurara dokar janye kaya. A irin wannan, ko ka kulle lamba, abin da ka kulle ɗin ne babu shi a shago. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne, kafin in ƙara layi a fayil ɗin gini, in tambayi kaina ko abin nan ya kai a aro shi. Layi 11 ai ka rubuta abinka.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu nan gida, wato data da wuta. In ka sa + a Gradle, a bisa tsarinsa na asali bayan awa 24 zai sake leƙa intanet ya duba ko an saki sabo. In an saki, ya sauke. In lambobinka a kulle suke kuwa, sau ɗaya za ka sauke, daga nan kana iya ƙara --offline ka yi gininka ko layin sadarwa ya ɗauke. Wanda ya taɓa zama yana kallon Gradle na juyawa, batirin laftof na kan kashi goma, NEPA ba su da niyya, ya san abin da nake nufi.

Wani abu da ke da alaƙa da wannan: lamba ɗaya, wuri ɗaya. Aiki in ya girma ya rabu gida-gida, sai ka ga kowane gida ya rubuta zubin laburare ɗaya da hannunsa, wannan 2.9, wancan 2.6. Ranar da suka yi karo za ka sha wahala. Gradle na da libs.versions.toml don wannan, Maven kuma na da dependencyManagement a babban pom. Ka rubuta sau ɗaya, saura su riƙa nuni gare shi. Abin da gini ya haifar kuma, foldar build da node_modules da su APK, ba su da wuri a rumbu. Wannan ba sai na ja shi ba.

Masu C++ kar ku ce na manta da ku. CMake ya fito daga kamfanin Kitware wajen shekarar 2000, kuma saboda daɗewarsa, intanet cike take da misalai na tsohon salo. Tsohon salo shi ne ka hau saman fayil ka rubuta include_directories, ka cusa tutoci cikin CMAKE_CXX_FLAGS, komai ya hau kan kowa. Kamar gidan haya ne mai mita ɗaya, wani ya kunna hita a ɗakinsa, kowa ya biya. Salon da ake bi tun zamanin CMake 3 shi ne kowane abin ginawa ya faɗi buƙatarsa da kansa, da target_include_directories da target_link_libraries. Sannan ka zaɓi kalma: PRIVATE in kai kaɗai ke buƙatar abin, PUBLIC in kai da masu amfani da kai ne, INTERFACE in su kaɗai ne. Da farko yana kama da ƙarin rubutu. Amma ranar da ka so cire wani laburare, za ka san wa da wa ya shafa, ba sai ka cire ka zauna kana addu'a ba.

Sai file(GLOB), wanda ke cewa kwaso mini duk fayil mai ƙarewa da .cpp. Yana da daɗi, ban musa ba. Amma takardun CMake da kansu ba su ba da shawarar a tara fayilolin kod da shi ba, saboda in abokin aikinka ya ƙara sabon fayil, CMakeLists.txt bai canza ba, don haka ginin da ke kwamfutarka bai san an yi baƙo ba. Sun ƙara CONFIGURE_DEPENDS a zubi na 3.12 don rage matsalar. Ni dai har yanzu jera sunayen nake yi da hannu, ko ba komai in an ƙara fayil ina ganinsa a tarihin Git. Kuma -Werror, mai mai da kowane gargaɗi kuskure, ka bar shi a wurin gwajinka, kar ka ɗora wa duk wanda zai gina kod ɗinka. Sabon kompaila na zuwa da sababbin gargaɗi, sai aikin da ba shi da laifi ya ƙi haɗuwa a hannun wani.

To yanzu ga wanda ya fi tsorata ni, kuma shi ne dalilin da ya sa na daina wuce fayilolin gini da ido in ana duba kod. Ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft da ke aiki a kan PostgreSQL, ya sanar cewa ya gano ɓarauniyar hanya a cikin xz, wata manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Yadda ya gano ma abin mamaki ne. Ya lura shiga ta SSH a kwamfutarsa ta gwaji na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, tana kuma ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa. Yawancinmu da mun ce netwok ne mu wuce. Shi ya bi diddigi.

Wanda ya dasa abin yana amfani da sunan Jia Tan. Ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa aikin, yana gyare-gyare na gaskiya, har mai aikin na asali, Lasse Collin, ya yarda da shi ya ba shi dama. Ina ya ɓoye mugun abin? Bai sa shi a kod ɗin C da kowa ke karantawa ba. Ya ɓoye gangar jikin a cikin fayilolin gwaji, waɗanda dama tarkacen bayanai ne da ido ba ya karantawa. Makunnin kuma ya sa shi a wani fayil ɗin gini mai suna build-to-host.m4, kuma wannan gurɓataccen fayil ɗin ba ya cikin rumbun Git, sai a cikin kunshin da ake saki wa jama'a, zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Lokacin gini ne fayil ɗin ke tashi, ya zaro abin daga fayilolin gwaji, ya cusa shi cikin laburaren. Ya san sarai irin waɗannan fayiloli dogaye ne, masu wuyar karatu, kowa tsallake su yake yi.

Akwai ma wani ƙaramin abu da ya yi a CMakeLists.txt na aikin da har yau in na tuna sai in girgiza kai. Akwai ɗan gwajin da CMake ke yi don ya ga ko na'urar na da Landlock, wata kariya ta Linux. Yadda gwajin yake, ana haɗa wani ɗan guntun kod, in ya haɗu an san akwai kariyar, sai a kunna ta. Sai ya sa ɗigo guda ɗaya a cikin guntun kod ɗin. Ɗigo ɗaya. Kod ya ƙi haɗuwa, CMake ya ɗauka babu Landlock, ya wuce shiru ba tare da kariyar ba, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Allah Ya taimaka an kama abin tun yana rassan gwaji irin su Debian sid da Fedora Rawhide, bai kai ga manyan zubin da sabobin duniya ke gudu a kai ba.

Ba ina cewa wani zai dasa maka irin wannan a manhajar shagonka ba. Abin da ya fi kusa da mu shi ne kwafe. Gini ya ƙi, ka kwafi saƙon kuskuren ka kai wa ChatGPT ko Stack Overflow, aka ba ka layi biyar, ka manna, ya yi aiki, ka wuce. Bayan shekara fayil ɗin ya cika da layukan da ba wanda ya san amfaninsu, ba kuma mai ƙarfin halin gogewa. Ni ƙa'idata yanzu, duk layin da na sa don kauce wa wata matsala, sai na rubuta a samansa dalilin sa shi da lokacin da za a iya cire shi. In an turo canji kuma ya taɓa fayil ɗin gini, shi nake fara karantawa. Fayil ɗin da ya fara cika da dabaru, sharaɗi cikin sharaɗi, yana kiran wasu umarnin waje, wannan ma alama ce. Fayil ɗin gini mai kyau in ka karanta shi har gundura yake sa ka.

Bari in koma kan 'yan adashenmu, don ban faɗa muku mafi munin ba. Bayan kwana uku mun samu manhaja ta haɗu. Sai maganar sa hannu ta taso. Kowace manhajar Android ana sa mata hannu da makulli, kuma waya ba za ta karɓi sabuntawa a kan tsohuwar manhaja ba sai in makullin ɗaya ne. In manhajarka na Play Store ƙarƙashin Play App Signing, Google ne ke riƙe da babban makullin, ko ka ɓatar da naka na ɗorawa ana iya sake maka wani. To su waɗannan ba sa Play Store, APK suke tura wa juna ta Xender da WhatsApp. Makullin kuma yana tsohuwar laftof ɗin mutumin, wadda ta mutu tun bara. In muka sa hannu da sabon makulli, dole kowane wakili ya goge tsohuwar manhajar kafin ya sa sabuwa, kuma lissafin kuɗin mutane a cikin wayar yake zaune, ba a saba ba. Ka yi tunanin ka je ka ce wa mai kayan miya lissafin adashenta na wata bakwai ya tafi saboda wani fayil.

Mutumin ya kai laftof ɗin wurin mai gyara, aka ciro hadis ɗin, aka sa shi a wata na'ura, Allah Ya sa fayil ɗin makullin na nan. Kalmar sirrinsa fa? Ya manta. Sai ƙanena ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ga ta nan a build.gradle." A fili, baƙi da fari, a rumbun da duk wanda aka taɓa ba dama ya gani. Wato kuskurensa ne ya cece mu a ranar, kuma duk da haka kuskure ne. Kalmar sirri da makullan API ba sa zama a fayil ɗin da ake turawa rumbu. A sa su a wani fayil daban, irin keystore.properties, a hana Git ganinsa, build.gradle ya karanto daga can. In kuma ka riga ka tura, goge layin bai wadatar ba, Git na riƙe da tarihi, sai dai ka canza sirrin gaba ɗaya. Mu ma haka muka yi, muka canza kalmar, muka ba shugaban ƙungiyar kwafin makullin a filas guda biyu, kalmar sirrin kuma a takarda daban, muka ce ya ajiye inda yake ajiye takardun shago.

Wurin lambar wayar da aka ce mu ƙara kuwa, minti arba'in ya ɗauki ƙanena.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan nuna yadda ake sa GitHub Actions ya riƙa yi maka wancan gwajin na sabuwar kwamfuta duk lokacin da ka tura kod. Wanda ke da fayil ɗin gini da ya gagare shi, ya cire sirrin da ke ciki tukuna, sannan ya turo mu duba tare. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.